Nomomi da Jinsunan Jarumai a Wasan Kwaikwayon Tebur

Nom wata ƙaramar halitta ce ta almarar Turai, mai siffar mutum, gajeruwa, yawanci da dogon gemu, wadda aka ce mazauninta ƙarƙashin ƙasa ne. Turawan Ingila suna rubuta sunan gnome, amma ba sa furta harafin farko. A 1978 nom ya shiga cikin jinsunan da ɗan wasa zai iya zaɓa a Dungeons & Dragons, wasan da ya aza harsashin wasan kwaikwayon tebur gaba ɗaya.

A irin wannan wasa mutum huɗu ko biyar ne ke zagaye tebur, kowa da takarda da fensir da 'yan ludo masu fuskoki iri-iri, daga mai huɗu har mai ashirin. Mutum ɗaya, jagoran wasa, shi ke ba da labari, ya faɗi inda aka shiga da abin da aka tarar. Sauran kowa ya riƙe jarumi guda, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, ɗan ludo kuma ya yanke hukunci. Kafin a fara, tambaya biyu ake wa ɗan wasa: mece ce sana'ar jaruminka, mayaƙi ne ko matsafi ko ɓarawo, sannan wane jinsi ne shi? Tambaya ta biyun ce ta fi jawo gardama cikin shekara hamsin ɗin da wasan ya yi, kuma babu jinsin da ya sha juyi a cikinta kamar nom. Elfawa da wadanni da 'yan hobit sun shigo wasan da gadonsu daga littattafan J. R. R. Tolkien, kowa ya san kamanninsu da halinsu. Nom bai zo da irin wannan gado ba. Dole masu tsara wasan suka ƙirƙiro masa hali da kansu, kuma kusan kowane zamani sai an sake sabon lale.

Kafin wasa

Wanda ya fara rubuta sunan shi ne Paracelsus, likita ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1541. A wani littafinsa da aka buga a 1566, bayan rasuwarsa, ya kasa ruhohin duniya gida huɗu: na ruwa, na iska, na wuta da na ƙasa. Nomomi su ne na ƙasa. Ya ce tsawonsu bai wuce taƙi biyu ba, suna ratsa dutse da turɓaya yadda ɗan Adam ke ratsa iska, kuma su ke gadin dukiyar da ke binne. Ba abin mamaki ba ne wannan tunani ya fito daga gare shi, domin ya tashi a Villach, yankin haƙar ma'adinai, har ya rubuta littafi kan cututtukan mahaƙa, mutanen da dama can suna da labaran ƙananan halittun da ke ƙwanƙwasa bango a cikin rami. Daga nan sunan ya shiga adabin Faransa ta littafin Le Comte de Gabalis na 1670, ya haura Ingila, inda Alexander Pope ya sa wani nom mai suna Umbriel a doguwar waƙarsa The Rape of the Lock.

Amma nom ɗin da yawancin Turawa suka sani a yau na yumɓu ne. A ƙarni na 19 maginan tukwane a Jamus, musamman a garin Gräfenroda na yankin Thuringia, suka riƙa gasa 'yan gumakan tsofaffi masu jar hula mai tsini, ana ajiye su a lambu don ado. Cikin shekarun 1840 Sir Charles Isham ya kai guda 21 gidansa na Lamport Hall a Ingila, ɗaya kuma yana nan har yau. A 1976 Wil Huygen da mai zane Rien Poortvliet suka fitar da littafinsu na nomomi a Holan, fassararsa ta Ingilishi ta fito a 1977 ta yi kasuwa ƙwarai a Amurka. Nomominsu mazauna daji ne masu taushin zuciya, masu jinyar dabbobi. Shi kansa Tolkien a rubuce-rubucensa na farko ya kira wata ƙabilar elfawa, Noldor, da wannan suna, daga baya ya watsar da shi don kada masu karatu su hango gunkin lambu. Ashe lokacin da wasan ya zo, nom ya riga ya rabu uku: ruhin ma'adinai, tsohon lambu, da abokin namun daji.

Daga dodo zuwa jarumi

A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, dokokin wasan yaƙi da 'yan sojojin roba da na dalma. A ƙarshen littafin akwai ƙarin shafuka na halittun almara, kuma a can aka haɗa nomomi da wadanni a layi ɗaya, babu wani bambanci. A 1974 Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons ta hannun kamfanin TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, bugun farko kwafi 1,000, kowanne dala 10. Jinsuna huɗu aka ba ɗan wasa: mutum, wada, elf da hobit. Nom yana cikin littafi na biyu, na dodanni da dukiya, an bayyana shi a 'yan layuka a matsayin ɗan uwan wada, ya ɗan fi shi ƙanƙanta, ya fi shi tsawon gemu, yana zaune a ramukan tuddai. Abin lura a wannan bugu shi ne bai rufe ƙofa ba. Ya yarda ɗan wasa ya zama kusan kowace halitta, har diragon, muddin zai fara da rauni ya girma a hankali. Shekara guda bayan haka Ken St. Andre ya fitar da Tunnels & Trolls, wanda ya buɗe ƙofar fiye da haka, a 1978 kuma RuneQuest ya zo da duniyar Glorantha, inda har agwagi masu magana ake wasa da su. A RuneQuest ɗin nom ya koma yadda Paracelsus ya bar shi, ruhin ƙasa da matsafi ke kira.

A 1977 masu riƙe da haƙƙin kasuwancin ayyukan Tolkien suka yi wa TSR barazanar shari'a. Hobit ya koma hafilin, aka sauya sunayen wasu dodanni ma. Wannan ya nuna wa kamfanin cewa dogaro da gonar wani yana da haɗari. Da Players Handbook na Advanced Dungeons & Dragons ya fito a 1978, jinsuna sun zama bakwai: mutum, wada, elf, hafilin, rabin-elf, rabin-ok (ruwa-biyun mutum da wani dodo da ake kira ok), da nom.

Yana da kyau a duba abin da ɗan wasan 1978 ke samu in ya zaɓi nom, domin a nan ake ganin yadda aka harhaɗa shi. Yana gani a duhu har ƙafa 60. In yana cikin rami yana iya gane gangaren ƙasa, da bangon da ke shirin ruftawa, da zurfin da aka kai, da inda aka dosa. Sihiri ba ya kama shi da sauƙi. Yana da ƙarin maki ɗaya wajen saran goblin da kobold, manyan dodanni kuma suna shan wuya kafin su same shi saboda ƙanƙantarsa. Kusan duk wannan aron kayan wada ne. Abu biyu ne nasa na kansa. Na farko, yana jin maganar dabbobi masu haƙa rami. Na biyu, ban da mutum, shi kaɗai aka yarda ya zama mai rufa-ido, wato matsafin da ke sa ka ga gada inda babu gada, ko runduna inda mutum uku ne kawai. Wannan sana'a Peter Aronson ne ya fara tsara ta a mujallar The Strategic Review a 1975. Haɗa ta da nom shi ne karo na farko da ya samu abin da zai ce nasa ne, kuma daga nan halin wayo da tsokana ya biyo baya. A 1980 littafin Deities & Demigods ya ba su ubangijin almararsu, Garl Glittergold, mai barkwanci da son duwatsu masu daraja, a 1982 kuma Roger E. Moore ya faɗaɗa al'adunsu a mujallar Dragon.

Katangar mataki

A waɗancan dokoki zaɓen jinsi ciniki ne. Wanda ba mutum ba yana farawa da baiwa mai yawa, amma an gina masa katanga a gaba. A bugun 1974 wada ba ya wuce mataki na 6 a yaƙi, hobit ba ya wuce na 4, elf kuma na 4 a yaƙi da na 8 a tsafi. A na 1978 nom mai rufa-ido, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa, a mataki na 7 yake tsayawa, yana kallo abokinsa mutum ya wuce shi. Sata ce kaɗai sana'ar da aka bar masa babu iyaka. Akwai ma katanga ta biyu a kan mata: a ma'aunin ƙarfi da ke kaiwa 18, macen nom ba ta wuce 15. Gygax bai ɓoye dalilinsa ba. A Dungeon Masters Guide na 1979 ya bayyana cewa mutum ne cibiyar wasan, kuma ra'ayinsa shi ne in aka saki halittu masu rayuwar ɗaruruwan shekaru babu linzami, su za su mallake duniyar labarin. Hujjar tana da ma'ana a takarda. A tebur kuwa ba ta cika aiki ba, domin wasanni da yawa kan watse kafin a kai matakin da katangar take, waɗanda suka kai kuma jagorori da dama sukan kau da kai. A ɗaya reshen wasan, wanda Tom Moldvay ya gyara a 1981, an ma haɗe jinsi da sana'a wuri guda: in ka ce kai wada ne, ka gama magana, duk wadanni mayaƙa ne. Nom bai samu kujera a wannan reshe ba.

Nomomin da duniyoyi suka haifa

Mafi kyawun abin da aka yi da nom bai fito daga littattafan dokoki ba. Ya fito ne daga duniyoyin labari da marubuta suka gina.

Na farko kuma mafi tasiri shi ne Dragonlance, wanda ya fara a 1984, Margaret Weis da Tracy Hickman suna rubuta littattafan labarinsa. Nomomin wannan duniya maƙera ne kuma injiniyoyi, ana kuma danganta ƙirƙirarsu ga Jeff Grubb, wanda shi kansa ya karanci injiniyanci. Suna zaune a cikin wani mataccen dutse mai aman wuta, Mount Nevermind. Ba su yarda da matakala ba, sai dai a ɗora mutum a kan wata babbar majajjawa a cilla shi hawa na sama, raga ta cafke shi, in ragar ta kuskure akwai wata dabarar a ƙasa. Suna magana da sauri ba numfashi, sunan kowannensu ya ƙunshi tarihin zuriyarsa duka, kowa kuma yana da aikin bincike guda da zai ƙare rayuwarsa a kai. Injinansu suna fashewa fiye da yadda suke aiki, kuma a wurinsu fashewar ma ilimi ce, sai a kafa kwamiti a rubuta rahoto. An yi su ne don raha, kuma nan ne matsalar take. Sun ba nom fuskar da kowa ke ganewa, amma sun maƙala masa sunan abin dariya wanda ya daɗe bai wanke ba. Wannan siffa ce ta tsallaka zuwa wasannin kwamfuta, EverQuest a 1999 da World of Warcraft a 2004, har yara da yawa suka san nom da tabarau da sifana kafin su san shi da rufa-ido.

Akwai kuma nomomin can ƙarƙashin ƙasa, svirfneblin, masu launin toka, marasa fara'a, waɗanda suka fara bayyana a 1978 aka kuma yarda a yi wasa da su a Unearthed Arcana na 1985, tare da baƙaƙen elfawa da ake kira drow. Bugu na biyu na dokokin, na 1989, ya cire rabin-ok daga babban littafi a lokacin da kamfanin ke kaffa-kaffa da ƙorafin iyaye da masu wa'azi a Amurka, amma ya bar nom. A 1993 Douglas Niles ya rubuta littafi guda kan nomomi da hafilin, ya kasa nomomi zuwa na dutse, na daji, na ƙarƙashin ƙasa da maƙera. Duniyar Dark Sun ta 1991 kuwa, mai hamada da ƙishirwa, ta ce an ƙarar da su tun zamanin da.

Wanda ya ɗauki nom da muhimmanci sosai shi ne Keith Baker, wanda duniyarsa Eberron ta yi nasara a gasar da aka shigar da tsare-tsare kusan 11,000, aka buga ta a 2004. Baker ya tambayi abin da ya kamata a tambaya tun farko: al'umma ƙanana, marasa ƙarfin damtse, masu son sani da iya ruɗin ido, yaya za su tsira a tsakanin manyan dauloli? Amsarsa ita ce ƙasar Zilargo, mai babban ɗakin karatu a Korranberg, mai tituna tsaf da mutane masu murmushi, inda kusan babu laifi domin wata ƙungiyar asiri tana jin duk abin da aka faɗa, tana kuma kawar da mai shirin ɓarna kafin ya aikata. Nomomin Eberron su ne magatakarda da masu fassara da masu isar da saƙo na nahiyar. Baiwar da ke cikin dokokin 1978 ce dai, amma a karon farko ta zama abin tsoro.

Fita da dawowa

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999. Bugu na uku, na 2000, ya rushe katangar mataki baki ɗaya. Kowane jinsi yana iya kowace sana'a har ƙarshe, mutum kuma aka ba shi tasa baiwar don kada a guje shi. Abin da ya rage shi ne sana'ar da jinsi ya fi sabawa da ita. Ta nom rufa-ido ce, amma gyaran 2003 ya mayar da ita waƙa, canjin da ya nuna har lokacin kamfanin bai tsayar da shawara a kansa ba.

A 2008 bugu na huɗu ya fito babu nom a littafin 'yan wasa. An ba da gurbinsa da na rabin-ok ga zuriyar diragon da tifilin, masu ƙaho da jela, waɗanda suka fara fitowa a duniyar Planescape a 1994. Nom ya koma littafin dodanni, inda ya fara shekara 34 da suka wuce, kamfanin har ya yi ɗan majigin zane na raha a kan lamarin. Uzurin masu tsarawa shi ne nom ba shi da gurbin kansa: wada ya fi shi rami, elf ya fi shi sihiri, hafilin ya riga shi ƙanƙanta. Akwai gaskiya a ciki, amma sun manta cewa ko da mutum ɗaya ne a tebur ke son nom, cire shi ya taɓa teburin duka. Ƙorafi ya yi yawa, kuma a 2009 ya dawo a littafi na biyu da sabon tarihi: halitta daga duniyar aljanun daji, wadda kakanninta suka yi bauta a hannun wasu mugayen ƙattai, ta koyi ɓacewa da zarar an taɓa ta.

A wannan shekarar ce kamfanin Paizo ya fitar da Pathfinder, wanda ya ba nom abin da ya fi duk na baya taɓa zuciya. Nomominsa baƙi ne daga wata duniya ta farko, gashinsu kore ko shuɗi ko ja. In nom ya daina ganin sabon abu, ya daina mamaki, sai launinsa ya fara kodewa, hankalinsa ya dushe, yawanci har mutuwa. Da wannan dabara guda aka bayyana dalilin rawar kansu da yawan tambayarsu da shiga abin da ba ruwansu, aka kuma ba ɗan wasa dalilin da zai sa jaruminsa ya bar gida.

Gardamar jini da hali

Bugu na biyar, na 2014, ya zo da jinsuna tara, nom a cikinsu, kashi biyu. Na daji yana da ɗan rufa-ido da jin maganar ƙananan dabbobi. Na dutse kuma, in aka ba shi awa guda da kayan da kuɗinsu ya kai zinariya 10, zai ƙera 'yar na'ura mai zaman kanta, abin wasan yara ko abin kunna wuta ko akwatin kiɗa. Tsawonsu ƙafa 3 zuwa 4, rayuwarsu shekara 350 zuwa kusan 500. Shirin Critical Role, wanda aka fara yaɗawa a intanet a 2015, ya sa nomomi biyu cikin manyan jarumansa, mawaƙi Scanlan na Sam Riegel da mai warkarwa Pike ta Ashley Johnson, masu kallo masu ɗimbin yawa kuma suka ga nom yana ɗauke da labari mai nauyi.

Sai dai a wannan lokacin gardamar ta wuce nom. Kalmar da wasan ke amfani da ita a lokacin wajen jinsi ita ce dai Turawa ke amfani da ita wajen launin fatar 'yan Adam, dokokin kuma suna cewa wannan jinsi an haife shi da kaifin basira, wancan da ƙarancinta, wancan kuma mugu ne tun daga ciki. 'Yan wasa da yawa, musamman baƙaƙen fata da sauran tsiraru a Amurka, sun ce sun san wannan magana, an sha faɗarta a kan kakanninsu. Misalan da aka fi kawowa su ne okawa da drow. Paizo ya riga kowa cikin manyan kamfanoni, a 2019 ya koma amfani da kalmar da ke nufin asalin zuriya, ya kuma sa goblin cikin jaruman babban littafi. A watan Yunin 2020 Wizards ya amsa cewa wasu siffofin nasa sun yi kama da ƙazafin da ake wa al'ummomi na gaske, a Nuwamba kuma Tasha's Cauldron of Everything ya ba ɗan wasa damar kai ƙarin makinsa inda ya ga dama. A 2022 kamfanin ya nemi afuwa kan hadozi, wasu halittu masu kama da birai da aka ba su tarihin bauta, a Disambar shekarar kuma ya sanar zai koma kalmar da ke nufin nau'in halitta.

Player's Handbook na 2024 ya zo da nau'i goma. Ok ya shigo da kansa, rabin-ok da rabin-elf sun fita, ƙarin maki kuma ya tashi daga jini ya koma kan tarbiyya da aikin da jarumi ya taso a ciki. Nom ya riƙe ganin duhu da taurin kai ga abin da ke neman juya masa hankali, da zaɓi tsakanin na daji da na dutse, saurin tafiyarsa kuma ya tashi daga ƙafa 25 zuwa 30, daidai da na mutum. Ba kowa ya gamsu ba. Wasu tsofaffin 'yan wasa suna ganin in kowa zai iya komai, jinsunan sun zama riguna kawai a jikin mutum ɗaya. Wasu kuma, musamman waɗanda iyayensu suka fito daga al'ummomi biyu, sun ji zafin fitar rabin-elf, domin a cikinsa suke ganin kansu, ko da yake dokokin sun bar ƙofar a ci gaba da amfani da na littafin 2014.